Kibiyar da Na Karkatar

Watan Yuni, ƙanƙara ta janye daga Durmitor,
ta bar hanya da raunuka.
Ni ake turawa in duba.
Gwangwanin jan fenti a bayan sirdi,
buroshi, famfo, faci biyu,
da taswirar ofis wadda ba ta taɓa yin haki ba.

Daga Žabljak kwalta ke yi mini rakiya,
rakiyar maƙwabci, iyakarta bakin gari.
Sai burji ya karɓe ni.
Tsakuwa na magana a ƙarƙashin taya,
kamar tsohuwa na tsintar wake a faranti.

Hawan farko ba ya tambayar suna,
gwiwa yake tambaya.
Na sauke giya har ta ƙare,
na laluba wata, babu.
A taswira an rubuta "matsakaici."
Wanda ya rubuta, a kujera ya hau tsaunin.

Kowace kwana in tsaya,
in ture dutsen da sanyi ya mirgino,
in shafa kibiya a jikin ɗan'uwansa.
Ja a kan fari. Nan, ba can ba.
Can kwazazzabo ne, ba ya mayar da ajiya.

A kilomita ashirin da uku
tayar baya ta yi doguwar ajiyar zuciya.
Na nemi hujin da kunne, iska ta hana.
Na ji ƙararrawar tumaki ta hagu,
na bar hanya, na bi sautin ina tura keke,
har bukkar katako mai hayaƙi a ka.

Radojka. Tamanin ba kaɗan,
yatsu kamar saiwar da ruwa ya tone.
Ba ta tambayi daga ina ba.
Ta cika kwanon cukunta da ruwan maɓuɓɓuga,
muka nutsar da robar, muka sunkuya mu biyu,
har kumfa ta tona asirin ƙaya.

Ta ce, "Hanyar da kuke wa kwalliya,
mijina Vukota ya fasa ta da shanu biyu
yana jan gungume.
A da, ta ƙofar nan take bi."
Ɗanta ɗaya na Podgorica,
ɗayan ya yi nisan da sai waya.
"Bara na ƙirga ku daga nan,
ɗari biyu da goma sha ɗaya,
kamar ƙwari masu launi a jikin tsauni.
Ashe ku ba ku jin ƙishirwa?"

Ba ta roƙe ni komai ba.
Cuku ta yanka, mai kauri.

Na koma mararraba, na tsaya
har fenti ya ɗiga mini a takalmi.
Dama ita ce ta ofis, gajeriya, mai hatimi.
Hagu ƙarin kilomita huɗu ce,
da hawa mai tsinka numfashi.
Na ɗauki dutse na kankare kibiyar bara.
Sabuwar ta fito a ɗan karkace, hannu na rawa.
A ƙarƙashinta na rubuta kalma ɗaya: ruwa.

A rahoto na ce zaizaya ta ci hanyar dama.
Za ta ci ta dai, wata shekarar.

Gangara ta biya ni bashin safiya,
birki na kuka, idona na hawayen iska,
Baƙin Tafki can ƙasa kamar tawadar da ta zube.

A Agusta Milija ya ajiye mini takardu biyu.
Ɗaya ƙorafin mahaya ne:
wa ya ƙara wannan hawan, kuma don me?
Ɗayar an yage ta daga jikin kalanda,
rubutun fensir, manyan baƙaƙe:
"Sun cinye mini cuku.
In za ki zo, taho da kofuna."