Baƙuwar da Ta Zo Neman Teku

Ranar Talata bayan azahar na ɗauko ta a filin jirgi,
Baturiya doguwa, Birgita,
ranar wata ƙasa ta riga ta saluɓe mata hanci.
Daga Jidda take. Kwana uku kacal ta yi can
amma gishirin bai bar bakinta ba:
gidajen gilashi har cikin gajimare,
ruwa yana tsartuwa sama daga tsakiyar teku
kamar an soke shi da mashi.
Nafi'u ɗan jami'a ke juya min maganarta,
ni ina juya sitiyari.

A Fagge ta ciro ɗan littafi.
Na ce, me take rubutawa?
Ya ce, wai garinku rawaya ne.
Na duba. Adaidaita gaba, adaidaita baya,
sai ka ce an zazzage buhun masara a kan kwalta.
Shekara ashirin da biyu ina tuƙi a garin nan
ban san yana da launi ba.

Ta nemi raƙuma.
Na nuna mata tirela ta durƙusa a bakin Kwari
ana sauke mata dilolin atamfa.
Wayarta ta ƙi kamawa, muka biya Fam Santa,
wani yaro da ko gemu bai fara ba
ya farke cikinta kamar mai gyaran kifi,
kafin ta shanye zoɓo ya ɗinke, ta kawo haske.
Ta miƙa masa kuɗin takarda,
ya ce ba shi da canji, ta tura ta asusu.
Wannan ma ta rubuta.

A kan gadar Ƙofar Nasarawa ta yi wata tambaya
da ta sa Nafi'u murmushi.
Ya ce, ta ce ina ruwanku?
Na taka birki. Ina ruwanmu da me?
Ya ce a'a, Malam Sagiru, ruwa dai na gaske,
gari mai ciniki irin wannan
ina jiragensa suke tsayawa?

Na so in gaya mata abin da kakana Ɗanlasan yake faɗa,
cewa rairayin arewa ma teku ne,
ayari ke ninƙaya a ciki wata biyu, wata uku,
Fagge ce gaɓar da suke fita su kakkaɓe riga.
Ban kai ga buɗe baki ba
hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ba sallama.

Kafin mu sauka gadar titi ya ɓace.
Kwata ta haɗiye kwalta,
ledoji suna wucewa jere kamar agwagi,
mota ta yi tari biyu ta mutu.
Na waiga in ba da haƙuri,
sai na ga ta riga ta cire takalma.
Ita da Nafi'u suka tura ni, ruwa har gwiwa,
tana ihu da yarenta, masu shaguna suna yi mata kirari.

A rumfar Iya Tasalla mai gurasa muka fake.
Bandashe ɗaya ta ci, yaji ya sa ta hawaye,
ta share, ta nuna a ƙaro.
Littafin ya sha ruwa, tawada ta bi tawada,
Jidda ta malalo cikin Kano
ba ka gane inda wata ta ƙare.
Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗora shi kusa da murhu.

Jibi ta tashi.
Na tarar da shafi ɗaya a ƙarƙashin kujera,
shuɗi duka, ba harafin da ya tsira.
Yana nan cikin aljihun mota tare da takardun lasisi.
Yau da safe a danjar Dangi
har na baya ya gaji da yi min ham,
na tsaya ina ƙirga rawaya.