Kurege

Shekara talatin da biyar ina Gidan Ruwa.
Daga Challawa har tankin Goron Dutse
na san inda kowane bututu ya rabu biyu,
na san wanda ke yoyo a ƙarƙashin kwalta.
Ranar sallama suka ba ni agogon bango.
Na rataye shi a zaure, ya yi ta kallona.

Wata uku ina bin inuwa da tabarma,
har Uwale ta ce, "Malam, ka tare mini tsakar gida."
Sai na hau adaidaita zuwa kasuwar waya,
na sayo tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi,
wadda harafi ɗaya sai an danna shi da faɗa.

Na koyi wasan ces tun ina makarantar sana'a,
ban taɓa gwanancewa ba.
Na ce abin da kaina ya kasa,
bari in koya wa ƙarfe.

Ashe wasu sun riga ni.
Sun rubuta injinansu, sun bar su a buɗe
kamar randar ƙofar gida a watan zafi:
ga moɗa, kowa ya sha,
in ka ga tsaga ka liƙe,
in ka ɗiba kada ka rufe wa na baya.
Na zauna ina karatun rubutun mutanen da ban sani ba,
tabarau a kan hanci, shayi na hucewa.

Nawa na sa masa suna Kurege.
Daren farko dokinsa ya yi tsalle,
ya fice daga gida sittin da huɗu,
ya ɓullo ta wancan gefen kamar aljani.
Kwana huɗu ina neman yoyon.
Daga sifili ake fara ƙirga,
ni kuwa na fara daga ɗaya,
yadda aka koya mini a Shahuci.

Kowane taku na haifar da talatin,
talatin ɗin kowanne da nasa talatin.
Nan na gane gida.
Ai wannan bututu ne!
Reshen da ka san ba zai kai ruwa ba,
rufe shi tun daga tushe,
ƙarfin ya tafi inda ake jira da bokiti.

Na yi wa kowa farashi:
kurtu ɗari, doki ɗari uku,
sarauniya ɗari tara,
sarki babu ciniki.
Sai Kurege ya zama mayunwaci.
Taku shida yake hange, ya cafke kurtu yana murna,
ramin kuwa yana na bakwai.
Ban zage shi ba.
Ni ma taku shida na hanga
da na zuba kuɗin sallama a filin Ɗorayi
mai takarda biyu.

Wata asuba na dawo daga masallaci
na tarar wani ya gyara mini layi uku,
daga wata ƙasa da sai da jikata Rumasa'u
ta nemo mini ita a taswira.
Bai san furfurata ba, ban san addininsa ba.
Ya liƙe tsaga, ya ajiye moɗa, ya wuce.

Jiya da dare, an ɗauke wuta,
batir saura kwata,
sauro na waƙa a kunnena,
Kurege ya miƙo mini dokinsa kyauta.
Na ce, "Yaro yaro ne," na ɗauka.
Taku tara, sarkina ya rasa ƙofa.

Dariya ta ƙwace mini,
irin ta ranar da famfon unguwarmu
ya yi tari, ya yi tari, ya kawo ruwa.
Uwale ta leƙo da fitila:
"An cinye ka, kana dariya?"
Na ce, "Ni na haƙa ramin,
ni na koya masa tura ni."

Ta haska bango. Ƙarfe biyu saura.
Rabon da in dubi agogon nan
na manta.