Guntun Bututu a Gwangwanin Kofi

Ranar da muka kwashe garejin Baba a Española,
kwana tara da binne shi,
na same shi cikin gwangwanin kofi,
naɗe da tsohuwar safa:
guntun bututu, tsawon tafin hannuna,
cikinsa baƙi wuluk, sumul kamar cikin kwalba,
bayansa kaushi, ruwan toka,
dutsen tudun nan da muke gani ta taga.

Gilberto, ɗan yayata, ya fizge shi.
Ya ce, ga shaida!
Ai dama na faɗa,
akwai hanyoyi a ƙarƙashinmu daga nan har Nebada,
inji mai cin nukiliya ne ya narka su,
jiragen ƙasa na gudu ciki, ba mai ji.
Ya ɗaga shi ga fitila kamar mai duba ƙwai.

Na ce, ba ni nan, kar ka fasa.

Ni na san ranar da ya shigo gidan nan.
Ina 'yar shekara takwas.
Mama na gasa barkono, idon kowa na ruwa,
Baba ya dawo daga kan tudu, rigarsa na ƙauri,
ya dire shi kusa da gishiri.
Ya ce, Adelina, taɓa, ya huce.
Yau mun huda dutse ba haƙori, ba guduma.
Hancin ƙarfe ya yi ja, ya koma fari,
dutse ya ba shi hanya kamar man shanu.

Da wace wuta? in ji ni.
Ta lantarki, 'yata.
Waya mai kaurin damtsena,
janareta na ta tari a bayan mota.
Mun yini cur,
ramin ko zomo ba zai yarda ya shiga ba.

Babban injin kuwa, mai zuciyar nukiliya,
ni ma na gan shi.
A takarda.
Ya shekara ashirin manne a bangon nan,
an zana ɗan mutum da hula a gefensa
don a san girmansa.
Ƙudaje sun yi masa ɗige-ɗige.

Baba kan ce, narka dutse ba shi ne aikin ba.
Ina za ka kai zafin?
Ina za ka kai abin da ka narka?
Dutsen tudunmu kamar burodi yake,
ka matsa, ya shige cikin kansa.
Je ka ga mai tauri,
ba shi da masaukin baƙo.
Ka ci karo da ruwa a can ƙasa,
tururi ya ba ka amsa.
In kuma ya maƙale a zurfin mil guda,
da wutar da ba ta jin a hura,
wa zai sauka?
Sai ya dafa ƙirji.
Celestino mana.
Kullum su Celestino ake turawa.

Daga baya kuɗi suka ƙafe.
Aka mai da shi gyaran famfo
har gwiwarsa ta ce ya isa.
Bai taɓa cewa ba zai yiwu ba.
Cewa yake, ba a yi ba,
kuma tsakanin biyun
akwai tafiyar da ta fi ƙarfin takalmi ɗaya.

Gilberto ya taɓe baki.
Abin da suka ce ya gaya muku ke nan, Inna.
Ban ja da shi ba.
Mai son rami a ƙarƙashin ƙafarsa
ba ka cike masa shi da baki.

Da ya tafi na sa ido a bakin bututun.
Sanyi gare shi.
Can ƙarshensa haske kamar kwabo,
a ciki motarsa ce ke tangaɗi
kan titinmu mai ramuka,
wanda shekara uku ke nan
ƙaramar hukuma na cewa gobe.