Jirgi Na Bakwai

Tsoho Arzika ya daina shiga Rima
tun da gwiwa ta ƙi shi.
Yanzu jiragensa ba su wuce tafin hannu.

Ran da na iske shi a Kwalkwalawa,
guntun gawo ya miƙo mini, da ɗan gizago.
"Kada ka yi gardama da icce,
bi inda jijiyarsa ta bi."

Na farko ya tsage.
Na biyu na ƙwaƙule shi har rana ta leƙo ta gindinsa.
Na uku ya yi kyau,
na shafe shi da man kaɗe,
na sa a kwatarniya, ya kife kamar ƙwarya.

Bai yi dariya ba.
Ya aza shi bisa yatsa guda,
hagu ta rinjaya.
"Ido ya cuce ka, yaro.
Ruwa ba ya karɓar rantsuwa."

Na bakwai na kai gulbi da la'asar,
tsakuwa uku a ciki, buhunan albasa ke nan.
Ya yi tangaɗi, ya daidaita,
ya shige ƙarƙashin gada bai waiwayo ba.

Na komo hannu wofi, yatsu duk tabo.
Arzika na wasa gizago.
Da ƙafa ya turo mini wani guntun gawo.