Murfin Kwalba

Takardar ta iso ranar Litinin,
shafi bakwai, layi-layi kamar kunyoyin gona.
"Auna ƙwarewarki, daga ɗaya zuwa biyar."
Na ajiye ta gefen shayi, a ofishinmu na Gdansk,
inda taga ke kallon tashar jiragen ruwa,
ƙanƙara na sauka kan kwantenoni a hankali.

Tambaya ta farko:
kin san mutumin da zai taɓa abin da kika zana?

Biro ya ruga wajen biyar.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki.
Ina da faɗin kafaɗar mutum dubu huɗu a kwamfuta,
da tsawon hannunsu, da iyakar ganin idonsu.
Sai biron ya tsaya a iska,
ya ƙi sauka.

Zenon ne ya faɗo mini a rai.
Yana tuƙa injin ɗaga kwantena,
a ɗan ɗakin gilashi, mita arba'in sama da ruwa.
Ni na zana allon da ke gabansa.
Maɓallin sauke kaya na yi shi sumul, lafe da allo,
kyakkyawa har aka sa hotonsa a rahoton shekara.
Na gwada shi sau ɗari da yatsana tsirara,
a ɗaki mai ɗumi, cikin watan Yuni.

A Janairu na hau wajensa, ina haki.
Kan maɓallina akwai murfin kwalbar lemo,
an manna shi da gam, ya yi baƙi don taɓawa.
Na ce, mene ne wannan?
Ya ɗago hannu cikin safa mai kaurin burodi.
"Bogumila, ta nan ba na jin komai.
Ido kuwa ba zan ɗauke shi daga ƙasa ba,
akwai mutane a can."
Ba ƙorafi yake ba. Har shayi ya zuba mini.

Wata uku murfin na nan.
Babu wanda ya rubuto, don babu abin da ya faɗi.
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo,
ya tara kwano, ya yi shiru,
ni kuwa ina can ina yaba rufin.

To nawa zan ba kaina?
Halszka da ke teburin gaba ta jera huɗu tun daga sama har ƙasa,
ta ce biyar girman kai ne, uku kuma ba ya kawo ƙarin albashi.
Na rubuta uku. Na soke.
Na rubuta biyu, na ji kamar ina neman a tausaya mini.
Na sake sokewa har takardar ta huje.

Na bi shafi bakwai ɗin nan kaf,
ban ga akwatin abin da ban san ban sani ba.

Murfin yana aljihun rigar sanyina,
na roƙe shi ranar da muka canza maɓallin.
Na fito da shi, na ɗora kan hujin.
A gefe, da ƙananan baƙaƙe, na rubuta:
a tambayi Zenon, aikin dare yake yi.

Sauran shafi shida da rabi.
Gobe da asuba zan sake hawa,
na ari safar hannu.