Haƙa Ba Ƙasa

Ƙarfe biyun dare, Sabuwar Unguwa.
Injin kiriftona ya ɗauke wuta kamar mai gaba.
Na kwance fanka, na hure,
na canja waya. Jar fitila dai.

Kawu Mannir, da ya tsufa cikin ramin rijiya,
ya leƙo da butarsa:
"Wai haƙa kake? Ina ƙasar da ka fitar?"

Sabis aka datse, Kawu,
saboda masu baƙin baki a shafuka.
"Kai me ka faɗa?"
Ko uffan.
"In aka rufe rijiya don kare ya faɗa,
har liman sai ya yi taimama."

Ya wuce.
Janareto na shan man bashi,
ni da sukudireba
muna jiran sanda ɗaya ta dawo.