Ɗinkin Bayan Isha

Tuɓe rigar nan, Hudu, ka miƙo.
Na san waya na ta kiranka,
wake da shinkafa na hucewa a akwatin bayanka.
Su huce. Zauna kan bencin nan.

Wa ya ce maka baƙi ado ne
ga mai hawa titin Kanda bayan isha?
Baƙar riga, baƙin wando, baƙar hula,
kai kanka Allah bai yi ka fari ba.
Dare ya haɗiye ka
bai ko tauna ba.

Keken Baba yana da baki.
Tun daga kan gada muke jiyo sarƙarsa
tana mita kamar tsohuwar da aka ci wa bashi,
ƙararrawa na gai da masu koko.
Naka kuwa, na lantarki,
ya sha caji ya yi gum,
gudu na babur, tafiya ta kyanwa.
Kai ka ce min ɗan sandan Mamobi ya kira shi keke,
na gaba ya ce babur ne, kawo takarda.
To, su gama raɗa masa suna a ofis.
Titi ba ya jiran ranar suna.

Ka tuna Ishawu na gidan mai burodi?
Ina wurin da aka kawo direban tirotiro,
dattijo, hannunsa na rawa,
yana cewa, wallahi ban gan shi ba,
wallahi ban gan shi ba.
Kowa ya zage shi.
Ni na dubi idonsa, na gaskata shi,
abin da ya hana ni barci ke nan.

Yadi biyu na saya a Makola,
ƙyalle mai mayar wa fitila martani.
Da kuɗin ɗinkin zanen Hajiya Sahadatu na biya,
kada ka faɗa mata.
Layi ɗaya kafaɗa zuwa kafaɗa,
ɗaya ya gangara gadon baya,
guntun da ya rage
a ƙafar wando, inda gwiwa ke aika motsi.

Eh, za ka yi kama da masu sharar titi.
Su kullum suna komawa gida.

Sa kwalkwalin. A kai, ba a hannun keke ba.
Jar fitilar baya fa? Danna in gani.
Yauwa.

Ya tafi bai ce na gode ba.
Na tsaya a ƙofar shago, almakashi a hannu,
Nima na ta hayaniyarta.
Sai wata tasi ta kwano kwana,
haskenta ya faɗa bayansa,
ɗinkina ya kama wuta.
Layin kafaɗa ya ɗan karkace, na gani.
Direban ma ya gani:
ya taka birki, ya ba shi hanya.